Kawu Tukur da Tabarmin Sito

Yaya Fatihu, yau kwana sittin da uku da muka kai ka makwancinka. Ruwa ya malale fadama har gindin tsamiyar da kake jingine kekenka. Shinkafa ta yi kai, tsuntsayen jan-baki sun sauko mata kamar yadda suka saba. Komai yana nan, kai ne kawai babu. Ni ƙanenka na zauna in rubuta maka abin da ke cikin ƙirjina, alƙalami ya ƙi, sai labarin Kawu Tukur ke ta fitowa. To bari in ba ka shi yadda kake ba mu labari, da sunanka a ciki kamar na baƙo.

Sito tsohon ma'ajin shinkafa ne a bakin kogin Haɗeja, wanda ƙungiyar manoman unguwa ta mayar zauren taro. Bangonsa siminti, daɓensa siminti, rufinsa kwano. Shekara shida marigayi Fatihu ne ke riƙe da mabuɗin kayan sautinsa. Lasifika biyu kawai yake aiki da su. Amma ya rataye tabarmi ashirin da huɗu a bango, ya jingine buhunan ɓuntun shinkafa a kusurwa huɗu. Kafin kowane taro yakan tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare, sannan ya je ya gyara wata tabarma.

Ƙanwarsa Nuriyya ta sauke Alƙur'ani, aka sa walima ranar Asabar a Sito. Mahaifiyarsu Inna Uwa kunnenta ya daɗe da yin nauyi, kuma tun rasuwar ba ta taka ƙofar gida ba. Fatihu ya yi mata alkawari tun bara cewa ranar walima za ta ji karatun 'yarta harafi bayan harafi. Ta ce saboda wannan kaɗai za ta fita.

A nan Kawu Tukur ya shigo. Ƙanen Inna ne, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Akwai rediyon da ya shiga shagonsa yana kama tasha uku ya fito yana kama ɗaya, Kawu ya ce tace shi ya yi. Ya taɓa yin mako uku a Kano yana gadin shagon wani mai sayar da lasifika, ya dawo ya sa aka rubuta Injiniya a allon shagonsa.

Ya sami Alhaji Ja'afaru, shugaban ƙungiya, a ƙofar gida.

"Alhaji, mabuɗin nan bai kamata ya fita daga zuri'a ba. Yaron nan, Allah ya jiƙansa, duk abin da ya sani a wurina ya tsinta."

"Amin. Ni kuwa na sha ganin shi ke gyara rediyon da ka gyara."

"Koyarwa ce, Alhaji. Da gangan nake ɓatawa in ga ko zai gane."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya laluba aljihu. "Ga shi, aro na ba ka. In Uwa ta ji karatun 'yarta ranar Asabar, ya zama naka. In ba ta ji ba, a gaban jama'a za ka miƙo mini."

"Ji? Alhaji, har mutanen Birniwa sai sun ji."

"Uwa na ce maka, Tukur."

Ranar Alhamis da hantsi Kawu ya buɗe Sito, da tef ɗin awo na tela a wuya da wayar hannu a aljihun gaba. Abokinsa na ƙuruciya, Munzali masunci, yana ɗinkin koma a inuwar bango. Da ya ga tef ɗin sai ya ajiye komar ya biyo shi, don ya san yau akwai kallo.

Kawu ya tsaya ya ƙare wa bango kallo, ya girgiza kai.

"Wannan zauren taro ne ko rumbu? Munzali, sauti kamar ruwa yake, hanya yake so. Yaron nan ya toshe masa hanya kamar yadda ciyawar kacala ta toshe mana kogi."

"Injiniya, shekara shida muna jin magana a nan lafiya lau."

"Kuna zaton kuna ji ne."

Kafin azahar ya sauke tabarmin nan kaf ya watsa waje, ya ja buhunan ɓuntu ya jibge a bayan gini. Matarsa Barira ta kawo masa abinci ta tarar da su a ƙasa. Ta shiga naɗe su ɗaya bayan ɗaya.

"Ina za ki da shara?"

"Ajiye maka zan yi, Malam. Za ka neme su."

"Ni?"

"Ko a neme ka saboda su."

Kawu ya auna tsawon Sito, ya auna faɗinsa, ya auna ƙofa, ya auna taga, ya rubuta duka a bayan kwalin sabulu. Bai sake duba kwalin ba. Ya tada janareta, ya kunna amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya ɗauki makirufo ya gyara murya.

"Gwaji, gwaji."

Bangon gabas ya ce gwaji, na yamma ya amsa, rufi ya karɓa ya jefo wa daɓe, daɓe ya mayar. Sai da Kawu ya rufe baki ya haɗiye yawu, Sito bai gama magana ba.

"Ka ji?" in ji shi, fuskarsa ta washe. "Na ba shi biyu ya ba ni takwas. A zamanin Fatihu in ka ba shi ɗaya, ɗayan nan zai riƙe."

"Ni na zaci wani ne a ciki yake maka gardama."

Kawu ya zaro waya ya nuna masa wata lamba da ke rawa a fuskarta. "Wannan sunanta desibel. Ita ke auna sauti. In ta hau, ji ya hau, in ta sauka, ji ya sauka. Ilmin ke nan gaba ɗaya, sauran duk surutu ne. Yanzu muna sittin da takwas."

Ƙurar tabarmi ta shiga hancin Munzali, ya saki atishawa. Lambar ta yi tsalle ta koma tamanin da ɗaya.

"Alhamdu lillahi," in ji Munzali. "Injiniya, ranar Asabar sai in zo in tsaya kusa da Uwa in yi ta atishawa."

Bayan la'asar Alhaji Ja'afaru ya leƙo. Kawu ya tsayar da shi a can baya, ya karanta masa sanarwar walima daga farko har ƙarshe, sannan ya tambaye shi yaya ya ji.

"Kamar ana rabon faɗa a cikin rijiya."

"Ƙarancin lasifika ne, Alhaji. Biyu sun yi wa ginin nan kaɗan. Ka ba ni gobe."

Ana sakkowa daga Juma'a ya shiga gari. Ya aro lasifikar gidan kallon ƙwallo guda huɗu, ta mai shayi guda ɗaya, ta 'yan tasha guda uku, ya lallashi mai tallar maganin basir ya ciro masa dogon ƙahon da ke kan motarsa. Da biyun Fatihu suka zama goma sha ɗaya. Ya jera su ko'ina, wasu na kallon bango, wasu na kallon juna kamar za su dambe.

Da ya zo haɗa waya sai ya ga kowace lasifika tana da ƙafa biyu, ja da baƙa. Fatihu ya sha faɗa cewa in aka musanya su, wannan lasifika za ta riƙa tura iska waccan na janyewa, kamar mutum biyu a kwale-kwale ɗaya kowa na tuƙi inda ya ga dama. Munzali ya tuna masa.

"Wuta ba ta ganin launi," in ji Kawu, ya ci gaba da murɗawa.

Ya kunna. A jikin bango sautin har ƙirji yake duka. A tsakiyar zaure kuwa, daidai inda aka ce za a ajiye kujerar Inna, muryarsa ta sirance ta koma kamar sauro a kwalba. Ya matsa dama ta dawo, ya koma tsakiya ta tsere. Ya yi haka sau biyar. Gumi ya tsatso masa a goshi, amma da ya ga Munzali na kallonsa sai ya share.

"Wurin manya ke nan. Da gangan na keɓe shi."

"Ga wadda ba ta ji ka keɓe wa wurin da ba a ji?"

Kawu ya zauna ya yi tunani mai zurfi na kusan minti ɗaya, ya gano matsalar: tsohon sauti ne ya cika ɗakin ya hana sabo wurin zama. Sai an yi masa magudana. Ya ɗauki ƙahon mai maganin basir ya ɗaure a taga, bakinsa na kallon kogi. Munzali ya ce shi kam ya ga iyakar abin da idonsa zai ɗauka, ya ɗauki komarsa ya shiga ruwa.

Yammacin nan babu iska, fadama ta kwanta lumus kamar faranti. Kowane masunci ya san yadda murya ke tafiya a kan ruwa irin wannan, mutum na can nesa kamar ɗigo amma kana jin tarinsa. Kawu ba masunci ba ne. Ya zauna cin dambun da Barira ta aiko, makirufo na kan cinyarsa a kunne, sai wani abokinsa ya kira shi a waya.

Bayan kamar awa ɗaya Munzali ya dawo da masunta uku a bayansa, wandunansu na ɗigar ruwa.

"Tukur, kifin wa ne yake kwana biyu kafin a kai kasuwa?"

Kawu ya ture kwanon dambu gefe.

"Kuma fasinjan kwale-kwalen Guri sun ce a gaishe ka. Sun ce sun ji Alhaji Ja'afaru bai san bambancin lasifika da ƙwaryar nono ba, wannan sun gane. Abin da suke tambaya shi ne, hular da ka ce aro ce, ta wa ce?"

Kawu ya dubi makirufo, ya dubi taga, ya dubi masunta huɗu. Sannan ya miƙe a hankali ya gyara hula.

"Kwale-kwalen Guri kuka ce? A ina yake lokacin?"

"Can wajen tsohuwar mashayar shanu."

"Kun ga aiki ko? Tsohuwar mashaya fa! Fatihu ya taɓa kai magana can?"

Asabar da hantsi Sito ya cika, maza a dama, mata a hagu, 'yan makarantar Islamiyya a gaba da fararen hijabai. Alhaji Ja'afaru ya shigo da wata sabuwar hula, ya tsaya a gaban Kawu.

"Wannan tawa ce, Tukur. In kana so ka sanar."

Aka shigo da Inna, mata biyu na riƙe da ita. Ta rame ƙwarai. Aka zaunar da ita a wurin manya. Nuriyya na gefe da Alƙur'ani a ƙirji, idonta a kan uwarta.

Kawu ya ce kafin a fara zai yi ɗan jawabin fasaha. Ya ce gwaji, ya dubi waya. Jiya lambar tana saba'in da tara, yau ta sauko sittin da biyar. Ya dubi jama'a da ido irin na wanda ya kama ɓarawo.

"Jama'a, ku ne kuke shanye mini sauti. Alhazai, a taimaka a tuɓe manyan riguna, desibel suke sha."

A duk makon nan wannan ce kaɗai gaskiyar da ya faɗa, kuma ita ce babu wanda ya yarda da ita. Wani dattijo ya ce, "Wandon fa, Injiniya, shi ma a cire?"

Kawu ya juya ga amfilifaya. Maɓallai shida ne a jikinta, ya murɗa kowanne har ya ƙure. Sannan ya ɗauki makirufo ya nufi Inna don ya nuna mata lambar da idonta, hanyar kuwa ta gaban babbar lasifikar gidan ƙwallo ta bi.

Abin ya fara ne siriri kamar kukan gyare. Kafin mutum ya ƙifta ido ya zama wani ihu da babu dabbar da za a ɗora wa alhakinsa. Lasifika ta zuba a makirufo, makirufo ya mayar wa lasifika, sauran goman suka karɓa, bango tsirara ya ninka musu. Kwanon rufi ya kama rawa, ƙurar shekaru da tsohuwar sheƙar zanzaro suka zubo a kan sabuwar hular Alhaji. Jarirai suka buɗe baki, ba a jin kukansu. Dattijon da ya yi maganar wando ya fita ta taga. A waje jakin mai ruwa ya tsinke igiya ya nufi kasuwa da jarkoki. Ƙahon taga kuwa ya ɗauki ihun nan ya shimfiɗa a kan fadama, sai ga jan-baki sun tashi daga gonakin shinkafa gaba ɗaya, baƙi ƙirin kamar hayaƙin gobara, suka yi gabas.

Kawu na tsaye a tsakiya, ya ɗaga waya sama yana murmushi, yana nuna wa mutanen da ke gudu. Ɗari da goma sha huɗu.

Munzali ne ya fizge wayar janareta.

Shirun da ya biyo baya har ciwo yake a kunne. Inna ba ta motsa daga kujera ba. Ta sa hannu ta kakkaɓe ƙura daga mayafinta.

"Tukur."

"Na'am, Yaya."

"Shekara bakwai ana tsawa ban ji ba. Yau na ji. Sannu da aiki."

Kawu ya juya da sauri. "Alhaji, ka shaida! Da bakinta ta ce ta ji!"

"Karatu na ce maka," in ji Alhaji, yana ciro sheƙar zanzaro daga hula.

Inna ta dafa gwiwa za ta miƙe. "Ku mai da ni gida. Mai alkawarin ba ya nan."

Nuriyya ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Ana cikin haka sai ga Barira ta shigo da ƙunshin tabarmi a ka, mata huɗu na biye da ita da nasu. Ta sauke a gaban mijinta.

"Malam, ga ajiyarka."

Da aka warware sai aka ga kowace tabarma da rubutun gawayi a bayanta, da hannun Fatihu: gabas ɗaya, gabas biyu, kudu ɗaya, har ashirin da huɗu. Ƙusoshin suna nan a bango. Waɗanda suka gudu suka dawo, dogaye suka rataya, masunta suka jawo buhunan ɓuntu zuwa kusurwoyi. Da aka janye babbar lasifikar gidan ƙwallo, sai ga alama biyu da farin fenti a daɓe, taku uku tsakaninsu. Ɗaya an rubuta Nuriyya. Ɗayar an rubuta Inna, da 'yar kibiya tana nuna hagu, wato kunnenta mai ɗan sauran ji.

Inna ta daɗe tana kallon fentin. Sannan ta ce a kai kujerarta can. Ta zauna, ta ɗaga hannuwanta ta tafa sau ɗaya, ta karkata kai. Sito ya karɓi tafin ya riƙe, bai mayar ba.

"Bismillah, Nuriyya."

Yarinyar ta tsaya a kan sunanta ta fara, babu makirufo babu janareta. Muryarta ta fito tana rawa, sannan ta miƙe, ta bi zauren a hankali kamar ruwan farko in ya shigo fadama. Leɓen Inna na bin ta. Can a tsakiyar karatu kuka ya taso wa Nuriyya, ta tsallake wata aya ba ta sani ba. Kafin malaminta ya buɗe baki, Inna ta ɗaga yatsa.

"Koma baya, 'yar nan. Kin bar ɗaya."

Maza da yawa suka dubi rufi kamar akwai sauran abin da zai faɗo.

Da aka shafa addu'a Alhaji Ja'afaru ya miƙa wa Kawu tafin hannu. Kawu ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya ce ko a bar shi zuwa gobe. Hannun Alhaji bai motsa ba. Mabuɗi ya fito.

Daidai nan wani manomi mai suna Rilwanu ya faɗo ƙofa, taɓo har gwiwa, yana haki, manoma shida a bayansa.

"Wa ya yi ƙarar nan?"

Kawu ya matsa bayan Alhaji. Mutum kusan ɗari suka nuna shi da yatsa.

"Bawan Allah," in ji Rilwanu, "wata guda muna kaɗa gwangwani, muna jan igiya, muna ihu har murya ta dushe, tsuntsun nan ko kallonmu ba ya yi. Yanzu daga nan har tsohuwar mashaya ko ɗaya babu. Za ka iya yi mana safe da yamma?"

Kawu ya fito daga bayan Alhaji. Ya gyara tef ɗin tela a wuyansa, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Da ma gwajin da nake ke nan tun Alhamis. Ban so in faɗa ba sai ya tabbata."

Yanzu kullum yana can a kan amalanke a bakin fadama, da ƙahon mai maganin basir da auduga a kunne. Ya sa an ƙara kalma a allon shagonsa, ya zama Injiniyan Tsuntsaye. Shekaranjiya Munzali ya ce ya ga jan-baki uku zaune a kan ƙahon suna gyara gashi ana tsakiyar ihu. Kawu ya ce waɗannan kurame ne, kuma yana nan yana musu wani shiri.

Yaya Fatihu, Alhaji ya kai wa Inna mabuɗin. Ni kuwa sai tsintarsa na yi a aljihun shuɗiyar rigarka da nake sawa. Jiya da rana na buɗe Sito ni kaɗai, na tsaya a tsakiya na tafa sau ɗaya. Ban san abin da kake saurare ba, amma na karkata kai yadda kake yi. Sai na tuna Kawu da wayarsa a sama, ɗari da goma sha huɗu, dariya ta ƙwace mini, ta farko tun ranar da ka tafi. Na yi ta yi har na zauna a kan fentin da ka rubuta Inna, har ta koma wani abu daban. Tabarminka suka shanye duka, ko kaɗan bai fita waje ba.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.